Albashi Ya Bi Soja Bakin Daga, Bashi Ya Tsaya a Ƙofar Matar da Ya Saka

Duk wanda ya tsara yadda ake biyan soja albashi da kuɗin iyali a ƙasar nan tamu ta Kamaru ya tsara shi ne bisa zaton cewa aure ba ya mutuwa, ko kuma idan ya mutu to mijin yana cikin gari, ana iya kiransa a zaunar da shi gaban manya a raba nauyi. Wannan zato ba gaskiya ba ne, kuma matan da suke ɗanɗana kuɗarsa a Garwa da Marwa da Ngaundare suna da yawa, sai dai kunya da tsoron bakin mutane sun hana su magana. Ni kam haƙurina ya ƙare, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Baban 'ya'yana soja ne, kuma yana cikin waɗanda aka tura kan iyaka ta wajen Mora, inda ake fama da Boko Haram tun shekarar 2014. Daga can ya aiko mini da saki ta saƙon murya a WhatsApp, aka kunna wa mahaifina da limamin unguwarmu suka saurara, suka tabbatar da cewa saki ya auku. Ba zan tsaya a kan dalilin rabuwar ba, domin wannan tsakanina da shi ne da Ubangijinmu, kuma aure rai gare shi. Abin da ya sa nake ƙorafi shi ne abin da ya biyo baya, wanda babu malami ko jami'in da ya taɓa gaya mini cewa haka yake.

Komai na gidanmu da sunansa yake. Yarjejeniyar haya da sunansa, mitar wuta da ta ruwa da sunansa, asusun banki nasa ne, ni dai katin cirar kuɗi ya bar mini lokacin da zai tafi domin in riƙa ɗaukar na cefane da na haya a ƙarshen wata. Bayan sakin na je cirar kuɗi na tarar an toshe katin. Da na shiga ciki na yi bayani, ma'aikacin ya ce mini cikin ladabi, "Hajiya, sai mai asusun ya zo da kansa, ko ya aiko da takardar wakilci mai hatimi." Wannan jumla ta "sai ya zo da kansa" ita ce na yi ta ji a kowace ƙofa da na ƙwanƙwasa, alhali kowa ya san mutumin da yake tsaron iyaka ba ya barin wurin aikinsa don ya zo ya sa hannu a takarda, balle mutumin da ba ya son zuwan.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan ƙa'ida ta gefe ɗaya take aiki. Idan haƙƙi zan karɓa, sai a ce ba sunana ba ne a takarda. Idan kuwa bashi za a karɓa, babu wanda yake tambayar sunan wa ke takarda, ƙofata ake bugawa. Mai gidan da muke haya a unguwar Yelwa cikin Garwa dattijo ne, kuma ba zan ce ya ci mutuncina ba, amma da watanni suka taru sai ya zo ya tsaya a zaure ya ce, "'Yata, da shi na yi magana, amma ke nake gani, kuma ni ma da kuɗin nan nake ci da iyalina." Me zan ce masa? Sefa dubu talatin ne a wata, kuma gaskiyarsa ce.

Na kamfanin wuta ya fi muni. Na je neman a mayar da mita da sunana domin aƙalla in san abin da nake biya nawa ne, a ware shi daga tsohon bashin da ya taru tun yana gida, aka ce ba zai yiwu ba sai da katin shaidarsa da sa hannunsa. Amma ranar da suka zo yanke wuta ba su nemi sa hannun kowa ba. A watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa yake wuce digiri 40, lokacin da babba ma ba ya iya barci a ɗaki, ga ƙaramin yaro yana fama da zazzaɓi. Sai da na biya bashin da ba ni na ci ba, na ƙara da kuɗin mayar da layi, domin wutar da ita kanta a irin wannan lokaci na rani, idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya, rabin yini ba a ganinta.

Yanzu a zo kan kuɗin yara, wanda shi ne ainihin ciwon. Gwamnati tana biyan ma'aikata alawus na kowane ɗa a wata. A 2016 an ɗaga shi daga sefa 1,800 zuwa 2,800, sannan a watan Fabrairun 2024 aka mayar da shi 4,500. 'Ya'yanmu uku ne, ke nan sefa 13,500 duk wata da sunansu ake fitar da ita, da takardun haihuwarsu aka cike fam ɗin, kuma ni na bi layi na karɓo waɗannan takardun ina ɗauke da goyo. Kuɗin nan yana shiga cikin albashin uban ne, ya bi shi can inda yake, yaran kuwa suna nan gabana suna neman kokon safe. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na sani sefa 13,500 ba ta riƙe yara uku, ko buhun masara ba lallai ta saya ba idan damina ta yi nisa, amma haƙƙinsu ce, kuma babu hankalin da zai yarda a ce kuɗin da aka ware domin ciyar da yaro ya tafi hannun da ba ya ciyar da shi.

Kuma duk wannan yana faruwa ne a lokacin da rayuwa ta yi tsada fiye da yadda muka saba. Litar fetur ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a Fabrairun 2023, ta sake tashi zuwa 840 a Fabrairun 2024, man zuwa-zuwa, wato fetur ɗin fasa-ƙwauri da muke samun sauƙi da shi daga Najeriya, shi ma ya yi tsada tun da aka cire tallafi a can a watan Mayun 2023. Mai babur ya ƙara kuɗi, mai niƙa ya ƙara, mai gawayi ya ƙara. An ce makarantar firamare ta gwamnati kyauta ce tun shekarar 2000, amma duk uwar da take da ɗa a ciki ta san kuɗin ƙungiyar iyaye da na littattafai da na rigar makaranta ba kyauta ba ne. Babbar 'yata tana sakandare, inda kuɗin rajista na sefa 7,500 shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake nema a watan Satumba. Na sayar da 'yan kunnen gwal na aurena, na karɓi kwasar adashi tun kafin lokacina ta hanyar roƙo, kuma keken ɗinkin da nake samun na miya da shi saura kaɗan ya tafi.

Wani zai ce, to ki kai ƙara mana. Na kai. A nan ne na gane cewa ni ba matar aure ba ce, kuma ba bazawara ba ce. A wajen addini an sake ni, na yi idda na gama. A wajen hukuma kuwa har yanzu matarsa ce ni, domin aurenmu an rubuta shi a ofishin magajin gari, kamar yadda ake buƙata kafin ma'aikaci ya sa iyalinsa a takardun albashi, kuma auren da aka rubuta kotu ce kaɗai take raba shi. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta tanadi hukunci ga wanda ya wuce wata biyu bai biya kuɗin ciyarwar da kotu ta yanke masa ba, wannan yana nan a sashe na 180. Amma kafin a kai nan sai kotu ta yanke, kafin ta yanke sai an isar masa da sammaci, kuma wane ma'aikacin kotu ne zai ɗauki takarda ya nufi sansanin soja a bakin iyaka? Ana ta ɗaga zama saboda bai halarta ba, ni kuwa kowace takarda da na shigar sai na manna mata kan sarki na sefa 1,500, ban da kuɗin babur da yinin da na rasa a kan keke.

Na je ofishin da aka ce yana kula da matsalolin iyalan sojoji. Matar da na samu ta saurare ni, ta rubuta, ta ce in yi haƙuri za a sanar da shugabanninsa. Bayan wani lokaci sai ga sefa dubu goma ta shigo wayata ba tare da ko kalma ɗaya ba, aka cire kuɗin cira da harajin da aka ɗora wa tura kuɗi ta waya tun 2022, daga nan kuma shiru. Abin da ake aikowa yau a hana gobe bisa ganin dama ba ciyarwa ba ne. Ba zan iya gaya wa mai gida ko shugaban makaranta cewa su jira sai ran da zuciyar wani ta yi sanyi ba.

Sai kuma dangi da maƙwabta, waɗanda da zarar na buɗe baki sai su ce, "Haba, ki ji tsoron Allah, mutumin nan fa yana bakin daga." Wan mahaifinsa, wanda nake kira Baba kuma nake ganin girmansa, ya ce mini, "'Yata, ki bari ya dawo lafiya tukuna, yanzu ba lokacin tayar masa da hankali ba ne." Na san abin da ake nufi da bakin daga. Na san hare-haren da Boko Haram ta kai a Kolofata da Fotokol, na san harin Darak na 2019 da sojojin da suka kwanta dama a can, na je gaisuwa gidajen matan da aka kawo musu labari, kuma har yau ina yi masa addu'ar dawowa lafiya domin uban 'ya'yana ne. Amma kakin soja ba ya sauke wa namiji nauyin da Allah Ya ɗora masa. Suratuɗ Ɗalaƙ ta hana a fitar da matar da aka saka daga ɗakinta a cikin idda, ta kuma wajabta ciyarwa gwargwadon hali, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi riƙon yara na uwa ne, ci da sha da sutura da matsuguninsu kuwa na uba. Ban ga inda aka ce wannan hukunci yana tsayawa idan an tura uba aiki nesa ba. Albashinsa bai tsaya ba, to don me cikin yaransa zai tsaya jira? Abin mamaki, mutanen da suke karanto mini haƙuri babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa aiko da mudun shinkafa.

Kada a ce mini babu hanya, domin hanyar tana nan ana amfani da ita kullum. Kafin tafiyarsa ya ci bashin banki, kuma bankin ba ya jiran ya dawo daga Mora, ba ya aika masa sammaci, ba ya neman ya zo da kansa: ranar da albashi ya sauka ake zare kason bashin tun kafin ya taɓa ko sisi. Abin da ake yi wa banki shi nake nema a yi wa yara. Duk sojan da aka tura bakin daga, a sa ya rubuta sunan wanda yake riƙe da 'ya'yansa tun kafin ya hau mota, alawus ɗinsu ya riƙa zuwa kai tsaye hannun wannan mutum, uwa ce ko kaka ko goggo. Idan aure ya mutu yana can, alƙali ya yanke kuɗin ciyarwa na wucin gadi a zaman farko bisa takardar albashinsa ba tare da jiran halartarsa ba, a riƙa cirewa daga tushe har ya dawo ya faɗi nasa. Kamfanonin wuta da ruwa kuma su karɓi shaidar jauro, wato mai unguwa, da ta mai gida su buɗe wa wadda take zaune a gidan sabon lissafi da sunanta, tsohon bashin su bi mai shi. Mai gida ya ba ni zuwa ƙarshen wata mai zuwa, Satumba kuma tana tafe da kuɗin makarantar yara uku, zaman kotu na gaba kuwa an sa shi ne bayan duka biyun.