Bakinmu lafiya lau yake, koyarwar ce aka yi a baibai

Jiya da yamma a wajen lesin da nake yi wa yaran unguwa, na rubuta pan da fan a allo na ce wani yaro ya karanta. Ya karanta su iri ɗaya. Ajin ya fashe da dariya, har da waɗanda na tabbata da su na tayar abin da zai fito daga bakinsu ke nan. Yaron ya sunkuyar da kai, bai ƙara cewa uffan ba har aka tashi. Abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa na ce bari in amayar da shi a nan.

Mun daɗe muna shan tsiya a kan P da F, har mu da kanmu mun yarda cewa wata nakasa ce a harshen Bahaushe. Alhali maganar mai sauƙi ce. A Hausa ƙwayar sauti ɗaya muke da ita a wurin, kuma da leɓɓa biyu muke yin ta. Wani ya furta ta kusa da p, wani kusa da f, Basakkwace ya ce hwari inda Bakano zai ce fari, ma'ana ba ta motsa ba. Kunnen da ya tashi a haka ya koyi cewa wannan bambancin ba shi da amfani, sai ya daina kula shi. Shi kuwa Turanci a wurin ya kafa iyaka: pan kasko ne, fan fanka ce. Ainihin ilimin tsarin sauti ke nan, sanin wane bambanci ne yake canza ma'ana a wani harshe, wane ne kuma harshen ya yi wa ko oho. Kawo Bature ka ce ya bambance baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko bari da ɓari, ka sha kallo. Shi ma kunnensa ba a horar da shi a kan wannan iyakar ba.

Babban kuskuren da ake yi mana tun firamare shi ne ana koya mana haruffa a matsayin sautuka. Haruffan Turanci 26 ne, amma sautukan karin Ingila da muke bi a makaranta kusan 44 ne: baƙaƙe 24, wasula 20. Mu kuma mun saba da rubutun Hausa, inda kusan abin da ka gani shi za ka faɗa. Sai mu ɗauki wannan amanar mu ba rubutun Turanci, shi kuwa ba ya riƙe amana. Dubi though, through, cough, rough. Haruffa huɗun ƙarshe iri ɗaya, furuci huɗu daban. Akwai dalili. William Caxton ya kafa injin ɗab'i a Ingila a 1476, rubutu ya fara daskarewa, a daidai lokacin da dogayen wasulan harshen suke ta sauya mazauni, sauyin da ya ɗauki ƙarnuka. Harafin k da ke farkon knife da knee a da ana furta shi. Baki ya yi gaba, takarda ta tsaya inda take.

To ta ina ya kamata a fara? Ni dai a ganina daga cikin baki. Kowane baƙi tambaya uku ce ke bayyana shi: a ina aka tare iska, yaya aka tare ta, kuma tantanin maƙwallato yana kaɗawa ko ba ya yi. Ka ɗora yatsa a maƙogwaronka ka ja ssss, sannan ka ja zzzz. A na biyun za ka ji ziza. Shi ke nan ka gane rabin darasin. P leɓɓa biyu ne suke haɗuwa su toshe iska sannan ta fashe. F haƙoran sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa iska ta dinga zirarewa, kana iya jan ta har numfashinka ya ƙare, P kuwa ba ta jawuwa. V ita ce F da aka sa wa ziza, kuma da yake ba mu da ita muke mayar da ita b, shi ya sa driver ya zama direba. Sautukan th guda biyu ne, na think maras ziza da na this mai ziza, duka da tsinin harshe a jikin haƙoran sama. Mu mukan mayar da su s da z, 'yan'uwanmu na Kudu su mayar da su t da d. Kowa da inda yake zamewa, namu ne kawai aka mayar abin barkwanci.

Akwai wani ɗan wasa da yara ke so. Ka riƙe 'yar takarda a gaban bakinka ka ce pin, za ta motsa. Ka ce spin, da ƙyar za ta girgiza. P ɗin biyu ba iri ɗaya ba ne a furuci, amma Bature bai ma san yana yin hakan ba, don bambancin ba ya taɓa ma'ana a wurinsa. Wato shi ma yana da nasa fari da hwari.

Wasula su ne inda aikin yake, kuma a nan ne nake jin haushin yadda muke raina abin da muke da shi. Muna da wasula biyar, kowanne da gajere da dogo, ga tagwaye irin ai da au. Yaron da yake bambance gari na mutane da gari na tuwo ya riga ya mallaki kunnen da zai kama ship da sheep, ko full da fool, duk da cewa a Turanci ban da tsawo har mazaunin harshe yakan ɗan sauya. Me zai hana malami ya fara daga garin tuwo? A'a, sai a zana alamomi a allo a ce a haddace. Alamomin nan na ƙungiyar masana furuci ta duniya, wadda aka kafa a Faransa a 1886, an ƙirƙire su ne don su taimaki kunne da baki. Mu mun mayar da su abin cika takardar jarrabawa. Ɗalibi zai ci jarrabawar furuci ta kammala sakandare da fensir, bai buɗe baki ko sau ɗaya ba.

Sai cunkoson baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta yarda baƙi biyu su yi sahu a farkonta, don haka muke cusa wasali a tsakani: bread ya zama burodi, brush ya zama buroshi, screwdriver ya zama sukurudireba. A matsayin kalmomin Hausa ba su da aibu ko kaɗan, namu ne yanzu. Amma in Turancin kake yi, street gaɓa ɗaya ce tak.

Abin da na ga ya fi hana a fahimce mu ma ba P ba ce. Hausa harshen karin sauti ne, kowace gaɓa tana da nata hawa ko sauka, kuma muna ba kowacce haƙƙinta. Turanci kuwa gaɓa ɗaya yake dannawa ya murƙushe sauran. Wasalin gaɓar da aka murƙushe yakan koma wani ɗan raunannen sauti da ake kira shuwa, wanda ya fi kowane wasali yawan fitowa a harshen, irin na farkon about da na ƙarshen teacher. Ka danna farkon record ka sami suna, ka danna ƙarshensa ka sami aikatau. In ka ba kowace gaɓa cikakken ƙarfi, ko duk baƙaƙenka daidai suke, mai sauraro zai wahala.

Kada wani ya ce ina so mu koma magana ta hanci. Ni ban damu da a ji Hausa a Turancin mutum ba, Ba'indiye ma ana jin garinsu a bakinsa kuma duniya na sauraronsa. Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi ya tashi, a Kwalejin Katsina ya yi karatu, kuma har yau ana sauraron jawabansa ana jinjina kai. Buƙatata ita ce idan yaro ya ce pan kada a miƙo masa fanka.

Yau na kira yaron nan gefe kafin sauran su iso. Na ba shi madubin babur ɗina da ya karye, na ce ya kalli bakinsa: in ya ga haƙora F ce, in leɓɓa sun rufe P ce. Minti goma muka yi. Ya faɗi pan, ya faɗi fan, sannan ya tambaye ni ko zan bar masa madubin ya je gida da shi.