Shawarar Bazara Tun Da Kaka Ake Yanke Ta

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, musamman ku da kuka sha rana a gonakin riɗi da gero da wake a ƙauyukanmu na Jigawa.

Kaka ta yi, alhamdu lillahi. Wanda duk ka haɗu da shi a hanyar kasuwar Gujungu fuskarsa a sake take, wani na cinikin babur, wani na canza waya. Ina roƙonku ku tuna farkon daminar nan da ta wuce. Su waye suka riƙa zarya ƙofar gidajen masu hali suna neman bashin taki, a kan za a biya da hatsi in an girbe? Mu ne. Mutumin da ke yi wa abokai ciyayya a watan Nuwamba shi ne ke rasa kuɗin allurar ɗansa a watan Yuni. Na sha ganin haka, a gidanmu ma an yi, kuma abin yana ci mini rai.

Ban ce talauci laifinmu ba ne. Taki ya yi tsada, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a yankin Haɗeja ya san akwai asarar da dabara ba ta hana ta. Maganata a kan ɗan abin da ya shigo hannu ne, da yadda yake zurarewa.

Akwai masana da suka ƙare rayuwarsu suna nazarin yadda ɗan Adam ke yanke shawara kan kuɗi da lafiya. Daniel Kahneman ya samu lambar yabo ta Nobel a fannin tattalin arziki a 2002 saboda wannan aiki, Richard Thaler ya samu a 2017. Cikin abin da wannan fanni ya tabbatar akwai wanda kowannenmu ya sani a jikinsa: zuciya tana ganin daɗin yau ƙato, tana ganin buƙatar gobe 'yar mitsitsiya. Mai digiri da wanda bai taɓa shiga aji ba duk haka suke. Don haka niyya kaɗai ba ta isa. Duk shekara muna cewa "bana zan ajiye kuɗin taki", da gaske kuma muke faɗa, sai biki ya zo, suna ya zo, aboki ya kawo kuka, kuɗin ya narke da kaɗan-kaɗan ba a san ranar da ya ƙare ba.

A yammacin Kenya, masana tattalin arziki Esther Duflo da Michael Kremer da Jonathan Robinson sun tarar da manoma masu irin wannan hali. Sun san amfanin taki, sun ce za su saya, amma lokacin shuka sai yawancinsu su ce babu kuɗi. Sai aka riƙa zuwa musu daidai bayan girbi, ana sayar musu da takardar shaidar taki a kan cikakken farashinsa, a kai musu gida kyauta idan lokaci ya yi. Masu sa taki suka ƙaru sosai. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, wannan dabara ba ta gaza ragin rabin farashi da aka yi wa wasu manoman daga baya, bayan kuɗin girbi ya tafi, ba. Ban da kai takin gida kyauta, ba a ƙara wa kowa ko sisi ba, ranar ciniki kawai aka matso da ita.

Wannan ba ya buƙatar gwamnati. Ranar da ka sayar da riɗinka, kafin ka zauna a majalisa, ka wuce shagon mai taki. Ka aza buhun a kan katako a ɗaki marar laima, domin yuriya tana jan danshi. Buhun taki ba ya tafiya wajen mai shayi, kuma kunya ba za ta sa ka yanki rabinsa ka ba mai neman rance ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu da muke karanta Suratu Yusuf ma bai kamata wannan ya zame mana baƙo ba. Da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya fassara mafarkin sarkin Masar, cewa ya yi abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za a ci. Kakanninmu haka suke zuba damman gero a rumbu. Hatsi ya fi daɗewa a haka, sannan kafin ka sayar sai ka hau rumbu, an yi sussuka, an sheƙe, an ɗauka zuwa kasuwa. A tsakanin nan zuciya ta huce, ka sake tunani. Yau kuwa kuɗin yana cikin waya, danna lamba huɗu ya tafi da tsakar dare. Wahalar da ke tsaron dukiyar kakanninmu mun cire ta da hannunmu, sai mu nemi hanyar mayar da ita.

Iyayenmu mata sun riga mu. Adashi, asusun laka da sai an fasa, akuyar da aka ce ta auren wance ce. Kuɗin da aka raɗa wa suna yana da wuyar taɓawa, Thaler ya yi rubutu mai yawa a kan haka. Ka samu akwati mai kwaɗo ka ce wannan na asibiti ne, ka ba mahaifiyarka ko matarka makullin.

Lafiya ma wannan cutar ce ke cin ta. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa yanzu na kwana uku ne, safe da yamma. Yaro ya sha na kwana ɗaya ko biyu, jiki ya yi sanyi, ya fita wasa, sai a ɗaga sauran a ce na wani karon ne. Ciwon da ido ke gani ya tafi, ƙwayar cutar tana nan cikin jini. Haka maganin da ma'aikata ke bi gida-gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar: na ranar farko a gabansu ake sha, na kwana biyun da suka rage a hannunmu yake, nan ne ake sakaci. Maganin zazzaɓin na safe da yamma, ka haɗa shi da abin da ba ka mantawa, bayan sallar Asuba da bayan Magariba.

A gundumar Udaipur ta Indiya, a ƙauyukan da aka yi gwaji, yara kusan 6 cikin 100 ne ke kammala allurar rigakafi. Da aka riƙa kawo ma'aikata ƙauye kowane wata ba fashi, suka kai 18. Da aka ƙara da kilo ɗaya na wake irin nasu ga duk uwar da ta kawo ɗa, da farantai idan ɗan ya kammala, suka kai 39. Ba ƙin rigakafin suke ba. Tafiyar yau ce ke da nauyi, ƙyanda kuwa tana can nesa, sai a ce gobe. Kai maigida, kai ne za ka zama wannan waken. Ka ware kuɗin acaɓa tun daren jiya, ka ce wa matarka ranar awo ko rigakafi ba ta da girkin rana.

Sai cacar ƙwallo, wadda ta shigo mana har ƙauye ta waya. Haramcinta a fili yake, amma ku gane tarkon. Kahneman da abokin aikinsa Amos Tversky sun nuna cewa zafin asara ya kai kusan ninki biyu na daɗin riba daidai da ita, kuma wanda ya yi asara ya fi saurin shiga kasada don ya fanshe. Shi ya sa wanda aka cinye wa dubu biyu yake zuba biyar. Kar ka ce za ka daure da manhajar tana cikin wayarka. Goge ta, ka gaya wa aminin da kake jin kunyarsa cewa ka goge.

Ni ranar kasuwa mai zuwa zan fitar da riɗina, daga wajen sikeli kuma shagon mai taki na nufa. Wanda yake son mu haɗa kuɗin mota mu ɗauko tare, ya same ni a ƙofar masallaci bayan La'asar.