"An cire shi duka?" Tambayar da ba ta wadatar ba a tiyatar ƙwaƙwalwar yara

Duk iyayen da aka shigar da ɗansu ɗakin tiyata saboda ƙari a ƙwaƙwalwa, da likita ya fito abin da ke bakinsu shi ne: an cire shi duka? Ban ga laifinsu ba. Sai dai a ganina tambayar ba ta wadatar ba, domin akwai ƙarin da cire shi kakaf shi ne waraka, akwai kuma wanda nacewa sai an ƙwaƙule shi ke bar wa yaro larurar da za ta bi shi har tsufa.

Kaso mai yawa na ƙarin ƙwaƙwalwar yara a ƙeya yake fitowa, wurin da ke kula da daidaiton tafiya. Shi ya sa ake ganin ciwon kai da amai da sassafe, da tangaɗi, wani lokaci har da harara-garke, musamman idan ƙarin ya toshe hanyar ruwan ƙwaƙwalwa. A nan masu cewa a cire duka suna da hujja. Nau'in ƙarin da ake kira astirosaitoma mai jinkirin girma yakan warke da tiyata kaɗai idan an fitar da shi gaba ɗaya, haka ependimoma, yawan abin da aka cire na daga manyan abubuwan da ke yanke makomar yaron. Amma medulobilastoma, wanda likitocin ƙwaƙwalwa Harvey Cushing da Percival Bailey suka raɗa wa suna a 1925, ko an kwashe shi sai an bi da magani da gashi (wato haska wurin da na'ura don ƙona sauran ƙarin), kuma kusan yaro ɗaya cikin huɗu kan daina magana na ɗan lokaci bayan aikin.

Inda nake so a dakata shi ne gindin ƙoƙon kai. Ɗauki kiraniyofarinjiyoma: ba daji ba ne, amma yana zaune tsakanin jijiyoyin gani da manyan hanyoyin jini da sashen da ke sarrafa girma da yunwa da ƙishirwa. Likita zai iya fitar da shi tas, hoton MRI ya fito fes, a yi ta barka. Bayan watanni yaro ya koma ba ya ƙoshi, ƙiba ta yi masa yawa, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa, ga maganin da zai sha iya rayuwarsa. Wannan ne ya sa likitoci da dama suka koma barin ɗan abin da ya manne, su bi shi da gashi. Wasu na kallon haka a matsayin gazawa. Ni ina kallonsa a matsayin sanin inda wuƙa za ta tsaya.

Gaskiya ne barin saura na da nasa haɗarin. Yana iya sake tsirowa, kuma ana ƙoƙarin kauce wa gashi ga yaron da bai kai shekara 3 ba saboda ƙwaƙwalwarsa na kan ginuwa. Ko shiga ta hanci da siririyar kyamara, da ake ta yabo saboda ba a buɗe kai, ya fi wuya a ƙananan yara tunda kogon ƙashin da ake bi bai gama buɗewa ba. Ga kuma jini: yaro mai kilo 10 abin da ke jikinsa bai kai lita ɗaya ba, don haka ko kaɗan ya zuba a tiyata abin damuwa ne.

Don haka kafin a sa hannu a takardar amincewa, hakkin iyaye ne su tambayi wane irin ƙari ake zato, me za a bari idan ya manne, sau nawa tawagar ta yi irin wannan aikin a kan yara, kuma wa zai ci gaba da duba idon yaron da girmansa da karatunsa bayan an sallame shi.