Zuwa Ga Ƙannena Da Suka Sauka A Ƙasar Waje: Masauki Ba Gado Ba Ne

A ƙarshen makon da ya wuce na je gaishe da wani abokina da ke haya tare da mutum biyu, na tarar da shi zaune a bakin gado, idanunsa jawur domin a wurin aiki ya kwana, yana ta jujjuya takardar kuɗin wuta da ta ɗumama gida. A falo kuwa ga wani matashi kwance yana waya da ƙarfi yana dariya. Wannan matashi ya sauka ne da sunan zai yi mako biyu kafin ya sami wurin kansa, yau wata bakwai ke nan. Tun a wata na biyu ya sami aiki, yana karɓar albashi, amma ko sisin kwabo bai taɓa sakawa a hidimar gidan ba, kuma ko kwanon da ya ci abinci a ciki sai ya bar wa wanda ya dawo aiki a gajiye.

Ƙannena, wannan hali na zama cima-zaune a kan wanda ya rufa maka asiri shi ne ya hana ni barci. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Hadisi ingantacce ya iyakance liyafar baƙo da kwana 3, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. To, ina hujjar wanda ya kwashe wata bakwai, aljihunsa da kuɗi, yana jira a sayo sabulu ya yi wanka?

Wataƙila ba ka san irin nauyin da aka ɗauka saboda kai ba, bari in faɗa maka. Sunan wani ne a kan takardar yarjejeniyar haya, ba naka ba. Shi ne ya ajiye kuɗin jingina kafin a ba shi makulli, wanda a Ingila kan kai kuɗin hayar mako 5, a Jamus kuwa doka ta yarda ya kai na wata 3, kuma daga cikinsa mai gida zai cire kuɗin duk abin da ka fasa ko ka ɓata. Yawancin irin waɗannan yarjejeniyoyi sun hana a ƙara mazauni ba tare da izinin mai gida ba, wato ranar da aka shimfiɗa maka katifa, mutumin nan ya sa muhallinsa cikin haɗari. Idan kuma hayar ta haɗin gwiwa ce, wanda duk ya ƙi biya, sauran ne za a bi bashi. Kana shiga banɗaki ka saki ruwan zafi rabin awa, ka bar na'urar ɗumama ɗaki a kunne ka fita yawo, sannan idan takarda ta zo ka kau da kai kamar ba ka gani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma kai ka hau kan jinkar ka zauna.

Cutar ba ta tsaya ga kuɗi ba, har wurin aiki take bin mutum. Sabon ma'aikaci yakan fara ne da lokacin gwaji, wanda a Jamus kan kai wata 6, kuma a cikinsa sanarwar mako 2 ta isa a sallame shi. Wanda ka hana barci da surutunka da baƙin da kake gayyatowa, idan ya makara sau biyu ko ya yi gyangyaɗi a bakin aiki, abincinsa ka taɓa. Wani ma ɗalibi ne da bizarsa ba ta ba shi damar aiki fiye da awa 20 a mako lokacin karatu ba, da wannan ɗan abin yake ciyar da kai.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, irin waɗannan cima-zaune su ne kan gaba wajen sayen sabuwar waya da ɗaukar hoto a gaban motar da ba tasu ba, domin a ce sun haye. Ranar da aka yi ƙarfin hali aka ce su kawo nasu kason, sai su kira dangi su ce an wulaƙanta su, an yi musu gori, wane ya canza tunda ya sami takardu. Kuma na ga da idona, da zarar irinsu sun kama ɗakin kansu, ba sa yarda kowa ya kwana ko dare ɗaya, domin wanzami ba ya son jarfa.

Ku ji tsoron Allah, ku gyara. Waɗanda suka riga mu zuwa ba haka suka zauna da juna ba. A da, baƙo kan riga masu gida tashi ya share wuri, albashinsa na farko kuma sai ya kawo ya ajiye gaban mai masaukinsa, a yi ta ja-in-ja ana cewa ya bari, shi kuma yana rantsuwa sai an karɓa. Kunya ce ta riƙe wancan zama, kuma ita ce na nema na rasa a falon nan. Abokin nawa ya gaya mini cewa akwai wani yaro mai hankali da zai iso wata mai zuwa, iyayensa sun roƙe shi ya sauke shi, kuma a karo na farko tun zuwansa ƙasar ya ce musu babu wuri.