Sati tara muna roƙon banki ya bar mu mu taɓa kuɗinmu

Da na san abin da ke jirana a banki, da ban karɓi muƙamin ma'ajin ƙungiyar masu gidaje ta rukuninmu ba. An yi zaɓe lafiya, tsofaffin shugabanni sun sauka, aka miƙa mana fayil da littafin cak, kowa ya watse yana cewa Allah ya taya riƙo. Abin da ya rage kawai shi ne a cire sunayen mutum uku daga masu sa hannu a asusun ƙungiya, a saka namu. Yau sati tara ke nan. Na je reshen nan sau shida, har mai gadin ƙofa ya daina tambayata wurin wa na zo.

A zuwan farko, matar da ke kula da asusun ƙungiyoyi ta ce, "Ai ba wuya, Malam. Ku kawo takardar ƙudurin kwamiti da katin shaidarku, shi ke nan." Na ce, "Hajiya, shi ke nan fa?" Ta ce shi ke nan. Na kawo. Ta juya takardar gaba da baya, ta ce ina bayanan taron da aka yi zaɓen? Na koma na kawo. Sai ta ce ina kundin tsarin mulkin ƙungiya da takardar rajista? Waɗannan fa suna cikin fayil ɗinsu tun ranar da aka buɗe asusun, amma wai sai na kawo sabon kwafi mai hatimi. Kowane zuwa da buƙata ɗaya tak, kamar mai ba mara lafiya magani da cokali. Na roƙe ta ta rubuta mini komai a takarda guda in huta. Ta ce ba su da irin wannan takarda, ya danganta da abin da hedikwata ta nema.

A zuwa na huɗu ne abin ya zama wasa da hankali. Sabon sakatarenmu ne ya sa hannu a bayanan taro, tunda shi ne sakatare. Banki ya ce bai san shi ba. To yaya za a yi ku san shi? Sai tsofaffin masu sa hannu sun rubuto wasiƙa sun gabatar da shi. Wato mutanen da aka sauke su ne za su ba da izinin a sauke su. Tsohon ma'aji ya sayar da gidansa ya ƙaura tun kafin zaɓe. Tsohon shugaba kuwa kayen da ya sha bai gama sakinsa ba: in ka kira ba ya ɗauka, in kun haɗu a bakin get sai ya ce yana sane, zai duba. Sati biyu na yi ina bin dattijon nan da "ranka ya daɗe" kamar mai neman auren 'yarsa, kafin ya ja layi ɗaya a kan takarda.

Muka samu wasiƙa, sai aka ce dole mu uku mu zo rana ɗaya, a lokacin aiki, mu sa hannu a gabansu. Dukanmu ma'aikata ne, kowa sai da ya nemi izini a wurin aikinsa. Muka zauna awa biyu da rabi. Da layi ya zo kanmu, aka ce sa hannun shugaba bai yi daidai da wanda ke kan katinsa ba. Katin ya kusa shekara goma, wa ke da hannun da ba ya canzawa? Bawan Allah nan ya zauna yana kwaikwayon sa hannun kansa a bayan ambulan, kamar ɗan damfara yana atisaye, har aka samu wanda ya yi musu.

Na san akwai dalili, kada wani ya ce jahilci ne ke damuna. Tun da ƙasashe bakwai masu ƙarfin tattalin arziki, wato G7, suka kafa hukumar FATF a Faris a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram, da shawarwarinta 40 da ƙasashe suka mayar dokoki, ya zama wajibi banki ya tantance wanda yake hulɗa da shi, da kuma duk wanda ya ce yana wakiltar wata ƙungiya. Kuma gaskiya ne, in da kowa zai iya shigowa da takarda ya ce shi ne sabon ma'aji a miƙa masa asusu, da an daɗe da kwashe mu. Ban ƙi a bincike ni ba. A bincike ni har kakana.

Amma a gaya mini, wane tsaro ne wannan? Duk tsawon sati taran nan, su wa ke da iko da kuɗin? Waɗanda aka sauke. Har yau in wani ya biya kuɗin wata, wayar tsohon ma'aji ce ke ƙara, mutumin da ko bulo ɗaya ba shi da shi a rukunin nan. Shi ke riƙe da lambar sirrin shiga asusun ta intanet. In shi da tsohon shugaba suka sa hannu a cak gobe da safe, banki zai biya ba tare da ya ɗaga kai ba, domin a wurinsa su ne halastattu. Ba na zarginsu da komai, mutanen kirki ne iyakar sanina. Sai dai banki ya riga ya karɓi takardar da ke cewa an sauke su, ya buga mata hatimi, ya ajiye a fayil, amma ya bar musu mabuɗi, mu kuma ya tsare mu a waje yana auna lanƙwasar sa hannunmu.

Da na faɗa wa manaja haka, ya gyara zama ya ce, "Yallaɓai, in kuna da fargaba, ku rubuto mu dakatar da asusun gaba ɗaya har a kammala." An yi gudun gara an faɗa gidan zago. In an rufe asusu, da me za a biya masu gadi?

Ko yanzu ma ba a biya su ta asusun ba. Albashinsu na watan jiya daga aljihuna ya fita, ni da shugaba muka raba, domin ba zan iya kallon idon mutumin da ke kwana a tsaye saboda mu in ce masa hedikwata ba ta amsa ba. Mai kwashe shara ya tsallake mu sau biyu. Fitilu huɗu sun mutu a layin baya, mai gyara ya ce sai ya ga kuɗi. Maƙwabta kuma sun fara: "Sababbin nan fa, tun ba a je ko'ina ba." Kuɗin da ko ƙwandala ban taɓa ba, ga shi ana yi mini kallon wanda ya ci.

Mu ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Da tun a daren zaɓe, kowa na zaune, muka sa tsofaffi da sababbi suka sa hannu a ƙuduri ɗaya, da rabin wahalar nan ba ta same mu ba. Kundinmu ya yi shafi uku a kan yadda ake zaɓe, bai ce uffan ba a kan yadda ake miƙa asusu. Amma mu 'yan sa kai ne, sau ɗaya muke yin wannan a shekara biyu. Su kuwa aikinsu ke nan kullum, kuma har cajin kula da asusu suke cira duk wata, cikin sati taran nan ma ba su yi fashi ba.

Jiya matar bankin nan ta kira ni, na ɗauka an gama. Wai takardar kuɗin wutar da na bayar a matsayin shaidar adireshi ta wuce wata uku. Lokacin da na miƙa ta ba ta wuce ba, a kan teburinsu ta tsufa. Na ce to, zan kawo sabuwa. Har zan kashe waya sai ta ce, "Af, Malam, in za ka zo ka taho da sauran biyun. An canza fom."