Kantar da ta yi kyasbi

Kantar littattafai kawai na so in haɗa. Ƙanin matata, wanda kuka sani, mai harhaɗa akwatunan lasifika na masu kiɗan biki, shi ya bar mini ragowar filawud ɗinsa da zai canza shago. Ba irin wanda muka saba gani ba ne mai rami a ciki. Na itacen birch ne, irin wanda ake yi a Rasha da Finland da Latbiya, kaurinsa milimita 18, in ka duba gefensa sai ka ƙirga falle 13 a jere, fari tas, sumul. Ya ce tun 2022 da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke kuɗinsa ya yi tashin gwauron zabi, in yi hattara da shi. Na yanka, na haɗa da gam da ƙusa, komai ya zauna daram. Farin ne bai yi mini ba, launin maɗaci nake so irin na gadon ɗaki. Na sayo ruwan kala, ranar Asabar da hantsi na fito da ita tsakar gida, ana tsakiyar hunturu, na tsoma tsumma na hau shafawa.

Kafin in kai ƙarshen gefe ɗaya, farkonsa ya bushe ƙayau. Nan ya yi baƙi ƙirin, can ya yi ja-ja, tsakiya kuma kamar ban taɓa ba. Na ƙara shafawa don ya daidaita, inda ya yi duhu ya ƙara duhu. Sai ga wasu zagaye masu siffar ƙwai sun fito ɓaro-ɓaro, waɗanda da can ko da tabarau ba ka ganinsu. Daga gefen dama kuma shatar yatsu biyar, fari fat.

A nan maƙwabcina ya shigo. Kun san shi. Ba ya sallama sai ya riga ya iso tsakiyar gida. Rake ne a hannunsa. Ya tsaya, ya ɓantara, ya tsotse, ya tofar da ɓawon a inda na share da safe, sannan ya ce, "Injiniya, katakon naka kyasbi ya yi ne?"

Mutumin nan fa tsanina yana gidansa tun kafin azumin bara. Na aika yaro, aka ce ya fita. Na je da kaina, ya ce ai tsanin ne bai da lafiya, ƙafa ɗaya tana rawa, yana so ya gyara mini kafin ya dawo da shi. Da idona na ga ana gyaran tauraron ɗan'adam da shi a gidan surukinsa, unguwa biyu tsakani. Shi ne wanda ranar sunan autata ya tsaya a bakin tukunya yana gaya wa masu girki gishiri ya yi kaɗan, ya tafi da kwano biyu. Ko ƙusa bai taɓa bugawa ta shiga a miƙe ba, amma shi ne mai ba ni laƙabin Injiniya.

To shi ne ya ce bari ya taimaka, ya fita. Na ɗauka tafiya ya yi. Na ɗauko samfefa mai kaushi na dirje wurin da ya fi duhu, sai na ga wani launi daban yana leƙowa daga ƙasa. Ina cikin kallon wannan sai ga shi ya dawo da Baba kafinta na bakin masallaci, da yaron shagonsa, da wasu mutum biyu da ban san dalilin zuwansu ba. A daidai lokacin kuma ƙawayen maman yara suka fito daga ɗaki za su tafi, suka ga taro, suka fasa.

Baba bai ce komai ba. Ya zagaya kantar. Ya tsuguna, ya shafa da tafin hannu, ya kai hanci ya sansana. Ya sake zagayawa ta ɗaya gefen. Ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Can ya ɗago ya ce, "Ɗana, wa ya yi maka wannan aikin?"

Na ce, "Baba, wani yaro ne na ba shi."

Hannuna a lokacin ja ne har gwiwa. Tsumman yana aljihuna, rabinsa a waje yana ɗiga. 'Yata ta tsakiya, wadda ko ruwa ka aike ta sai ka kira sau uku, ta fito daga bayan uwarta da gudu ta ce, "Abba ne ya yi! Tun safe yake yi, ya ce kar mu taɓa!"

Baba ya ce, "To, Allah ya shirya yaron." Ɗaya daga cikin ƙawayen ta toshe baki da mayafi. Na ji ta. Na kuma san wace ce.

Daga nan ya juya wa yaron shagonsa, ba ni ba, ya shiga karatu da kantata. Wannan icen, in ji shi, jikinsa ba ɗaya ba ne, wani wuri a tsuke yake, wani wuri a buɗe, inda yake a buɗe shi ke zuƙe kala. Sai ka goge shi da samfefa mai laushi, lamba 180, kana bin tsawon jijiya, ka kaɗe ƙurar, ka tsinka sila, wato man da ke toshe ƙofofin katako, da tina sosai ka shafa siriri ta toshe masu ƙishirwar, ta bushe, ka sake bi da samfefa sama-sama, sannan kala. Kalar ma kaɗan-kaɗan, kana shafawa kana gogewa kafin ta kama, kuma a inuwa, ba a bakin iskar hunturu ba. Zagayen nan faci ne daga masana'anta, inda suka cire kulli suka cike. Yatsun nan gam ne, inda gam ya taɓa kala ba ta shiga. Ya sa hannun yaron a kan shatar, bai yi daidai ba. Ya kalli nawa. Bai ce komai ba.

Da ya iso inda na dirje sai ya yi salati. Fatar saman da ƙyar ta wuce milimita ɗaya, an cinye ta, an isa falle na biyu. Ya ce, "Kuma ga guntaye nan zube, ko ɗaya ba a gwada a kai ba." Maƙwabcina ya gyaɗa kai ya ce, "Abin da na gaya masa ke nan." Yaushe? Yaushe ka gaya mini?

Na tambayi Baba mafita. Ya ce fenti. Na ce wane launi? Ya ce duk wanda ya fi kauri.

Maman yara ta ce a bar ta haka, ta sa a kicin ta jera tukwane, ai ba mai leƙa bayan tukunya. Tana can yanzu. Littattafan suna cikin kwali. Jiya maƙwabcin ya aiko ɗansa wai in ara masa ragowar samfefa, na ce a ce masa ba na nan, yaron ya ce ai Babansa yana jin muryata ta katanga.