Hasumiyar wasan ba ta iya lissafin sauka ba

Wani labari ya ce jami'in hasumiya mai ba jirage umarni a cikin Microsoft Flight Simulator, wasan kwamfuta na tuƙa jirgin sama, yana rikita masu wasa. Haka ne, amma babban ciwonsa lissafin sauka ne. Ƙa'idar matuƙa jirgi ita ce tafiyar mil 3 na ruwa (ma'aunin nisa na jiragen sama da na ruwa) ga kowace ƙafa 1,000 da za a sauko. Jirgin da ke ƙafa 35,000 sai ya fara gangarowa tun saura mil 105, a ƙara kamar mil 10 don rage gudu zuwa not 250 (wato mil 250 na ruwa a awa) kafin a sauko ƙafa 10,000. Shi kuwa na wasan yakan bar ka can sama har filin ya matso, sannan ya ce ka sauko. Ta ina za ka kama layin ILS mai digiri 3, wato siginar rediyo da ke jagorantar jirgi zuwa titin sauka? Daga ƙasa ake shigarsa, kai kuma kana bisansa da gudu, dole ka sake zagayowa.

Sai batun tazara. A ƙa'idar ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, matsakaicin jirgi irin A320 da ke bin babba irin Boeing 777 ana ba shi tazarar mil 5 saboda guguwar da fukafukan babban ke bari a baya. Jami'in gaske yana jera jirage tun daga nesa, ya rage wa wannan gudu, ya karkatar da wancan. Na wasan kuwa sai ya turo ka bayan jirgin da kwamfuta ke tuƙawa mai nawar barin titin sauka, kana dab da taɓa ƙasa ya ce ka tashi. Abin haushi!

Mai son na gaske ya kashe jami'in wasan, ya shiga VATSIM ko IVAO, dandalin intanet na masu irin wannan wasa, inda mutane ne ke ba da umarni. Amma ya fara koyon maimaita umarni daidai.